Mai a Kan Ruwa: Yadda Ɗan Kaltungo Ya Rubuta Labarin Neja-Delta

A watan Afrilun 2010 wata rijiyar mai ta kamfanin BP ta yi bindiga a Tekun Meziko, ma'aikata 11 suka rasa rayukansu, ɗanyen mai ya yi ta kwarara cikin teku har kusan wata uku, kuma a duk tsawon wannan lokaci gidajen talabijin na duniya ba su ɗauke ido daga wurin ba. A cikin wannan shekarar ce Helon Habila ya fitar da littafinsa na ƙagaggen labari na uku mai suna Oil on Water, wato mai a kan ruwa, wanda ya yi magana a kan yankin Neja-Delta, inda aka shafe fiye da shekara 50 mai yana malala a gonaki da ƙoramu ba tare da duniya ta tada hankalinta haka ba. Littafin yana cikin nau'in labaran da ake ginawa a kan aikata laifi da bin sawu da zullumin abin da zai faru a shafi na gaba, sai dai ɓarnar muhalli ce ginshiƙinsa. Marubucin kuwa ba ɗan ƙabilun yankin ba ne irin su Ijaw da Ogoni, bai tashi a bakin ruwa ba. Batangale ne ɗan Kaltungo ta Jihar Gombe, ƙasar duwatsu da gero da dawa. Abin da wannan nazari yake son ganowa shi ne yadda rayuwarsa ta kai shi ga wannan littafi, da dalilin da ya sa ya zaɓi ya ɗora maganar gurɓatar ruwa a bayan labarin garkuwa da wata Baturiya, da kuma abin da wannan zaɓi ya samar da abin da ya ci.

An haifi Habila a Kaltungo a 1967, ya yi ƙuruciyarsa a garin Gombe. Mahaifinsa ya yi aikin wa'azi tare da Turawan mishan kafin ya koma aikin gwamnati, mahaifiyarsa kuma tana ɗinki. Burin gida shi ne ya zama injiniya, aka tura shi Bauchi domin wannan karatu, amma bai kammala ba, ya dawo gida ya zauna ba takardar shaida ba sana'a, sai karance-karancen duk littafin da ya faɗo hannunsa. A 1989 mahaifinsa da wani ɗan'uwansa suka rasu a haɗarin mota. Bayan wannan rashi ne ya shiga Jami'ar Jos ya karanta Turanci da adabi, inda ya haɗu da Toni Kan, wanda shi ma ya zama sanannen marubuci daga baya. Ya kammala a 1995, shekarar da gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye marubuci Ken Saro-Wiwa tare da 'yan Ogoni takwas a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba. Duk wani matashi da ya fito daga jami'a a lokacin da niyyar riƙe alƙalami ya ga da idonsa abin da magana a kan mai da muhalli take iya jawo wa marubuci a Nijeriya.

Ya koyar na 'yan shekaru a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, kuma a wannan tsakanin ya rubuta tarihin Mai Kaltungo, wanda ya fito a 1997. A 1999 ya tattara ya koma Legas. Aikin da ya fara samu a can shi ne rubuta wa mujallar Hints labaran soyayya, daga bisani ya koma jaridar Vanguard ya riƙe shafin adabi. Masu ba da tarihinsa sukan ambaci Hints a taƙaice su wuce, kamar abin da bai dace da babban marubuci ba, ni kuwa a ganina a nan ya koyi rabin sana'arsa. Wanda yake rubuta wa mujallar kasuwa labari ya san cewa mai karatu kuɗinsa ya cire ya saya, kuma idan shafi ɗaya ya gundure shi zai ajiye ya tashi. Marubutan littattafanmu na soyayya da aka yi ta bugawa a Kano sun san wannan darasi sarai, domin da shi suke sa mai karatu ya koma kasuwa neman littafi na biyu da na uku. Daga Vanguard kuma ya san ɗakin labarai ciki da waje, ya san edita mai matsa wa yaransa, da albashin da ba ya zuwa a kan kari, da tsohon ɗan jaridar da ya taɓa yin suna sannan duniya ta juya masa baya. Waɗannan mutane su ne suka cika littattafansa daga baya.

A 2000 ya ci gasar waƙe ta ƙungiyar kiɗa da waƙa ta MUSON a Legas, kuma a shekarar ya buga tarin gajerun labaransa, Prison Stories, da kuɗin aljihunsa. Ɗaya daga cikin labaran, wanda ya ba da labarin wani ɗan jarida a kurkuku da shugaban gidan yari ya sa shi yana rubuta masa waƙoƙin soyayya domin ya kai wa matar da yake nema, shi ne ya ci gasar Caine ta gajerun labaran Afirka a 2001, shekara guda bayan Leila Aboulela 'yar Sudan ta zama ta farko da ta ci. Daga nan ƙofa ta buɗe. An faɗaɗa labaran suka zama Waiting for an Angel, aka buga a Ingila a 2002, ya ci kyautar Commonwealth ta littafin farko a shiyyar Afirka a 2003. Habila ya zauna a Jami'ar East Anglia, ya wuce Kwalejin Bard ta Amurka a matsayin na farko da ya riƙe gurbin da aka sa wa sunan Chinua Achebe, sannan a 2007 ya kama aikin koyar da ƙirƙirar rubutu a Jami'ar George Mason da ke Jihar Bajiniya. A wannan shekarar ya fitar da Measuring Time, labarin wasu tagwaye a wani ƙauyen Arewa mai suna Keti, wanda duk mai karatu daga kudancin Gombe zai gane ƙasarsa a ciki.

Har zuwa nan babu abin da ya haɗa shi da Neja-Delta. Sanadin ya zo ne daga wani kamfanin shirya fim da ya nemi ya rubuta masa labari a kan rikicin yankin, a lokacin da garkuwa da Turawa ma'aikatan mai ta zama labarin yau da kullum. Ya shiga bincike domin wannan aiki, sai ya tarar cewa abin da yake tonowa ya fi ƙarfin fim na sa'a biyu, don haka abin da ya fito a ƙarshe littafi ne. Wannan asali yana da muhimmanci wajen fahimtar littafin, domin ƙashin bayansa na fim ne: mace da aka sace, mutum biyu da suka bi sawunta, sojoji a gefe guda, tsageru a ɗaya gefen, lokaci kuma yana ƙurewa.

Kafin a shiga cikin littafin ya kamata a tuna da abin da ya tarar a ƙasa. Kamfanin Shell-BP ya samu mai a Oloibiri, cikin Jihar Bayelsa ta yanzu, a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. Tun a 1966 Isaac Adaka Boro ya ɗauki makami da sunan 'yantar da yankin, aka murƙushe shi cikin kwana 12. A 1979 gwamnati ta yi dokar da ta sa 1984 a matsayin wa'adin daina ƙona iskar gas da ke fitowa tare da mai, amma wa'adin ya zo ya wuce, wutar tana ci dare da rana a gefen ƙauyuka. A 1990 'yan Ogoni suka fitar da takardar haƙƙoƙinsu, suka bi hanyar lumana, ƙarshenta igiya. A Oktoban 1998 bututun mai ya kama da wuta a Jesse ta Jihar Delta yayin da jama'a suke kwasar man da ke tsiyaya, ɗaruruwa suka ƙone, wasu ƙiyasin suka ce sun haura 1,000. Wata biyu bayan nan matasan Ijaw suka yi shelar Kaiama ta neman iko da arzikin ƙasarsu, a Nuwamban 1999 kuma sojoji suka ragargaza garin Odi. Daga 2006 ƙungiyar tsageru ta MEND ta fito da fasa bututu da kama ma'aikata, man da Nijeriya take haƙowa ya ragu ƙwarai, har ta kai marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi shelar afuwa ranar 25 ga Yunin 2009, da wa'adin ajiye makamai zuwa 4 ga Oktoba. Wato littafin ya fito ne a daidai lokacin da ake cewa rikici ya ƙare, alhali kuwa afuwar ba ta wanke ko ƙorama ɗaya ba.

Mai ba da labari a littafin shi ne Rufus, matashin ɗan jarida a Fatakwal. An sace Isabel Floode, matar wani injiniyan mai ɗan Birtaniya, masu garkuwar kuma suka yarda 'yan jarida su zo su tabbatar tana raye kafin a yi maganar kuɗin fansa. Aiki ne da mutane suke gudu, domin ba a daɗe ba da kashe wasu 'yan jarida biyu da suka je irinsa. Rufus ya karɓa saboda yana neman suna, ya tafi tare da Zaq, tsohon ɗan jaridar da ya taɓa girgiza Legas da rubutunsa, yanzu kuwa giya ta ci ƙarfinsa. Wani tsoho mai kwalekwale da ƙaramin ɗansa ne suke yi musu jagora cikin lungunan ruwa.

A nan dabarar Habila take. Mai karatu ya shiga kwalekwale ne domin ya san inda Baturiya take, amma kowane masauki da kwalekwalen ya tsaya sai a nuna masa wani abu dabam. Za a sauka a ƙauyen da ba kowa, gidaje suna tsaye, bututu sun ratsa tsakiyar gari, rijiya tana warin mai. Za a wuce ta inda kifaye suke yawo a saman ruwa ciki sama, tsuntsaye sun mutu a kan rassa da fukafukai baƙi ƙirin. Marubucin ba ya dakatar da tafiya domin ya yi wa kowa lacca, sai dai ya sa Rufus ya leƙa rijiyar ya janye kansa, a koma jirgi a ci gaba. Matar da aka sace ita ce koton da ke jikin ƙugiya, kuma har a kusa ƙarshen littafin ba a cika ganinta ba. Kafin mai karatu ya isa gare ta ya riga ya ga abin da aka ɗauko shi domin ya gani.

Wurare biyu ne, a nawa karatun, suka fi nauyi a littafin, kuma dukansu labarai ne da wani ya zauna ya ba Rufus. Na farko na Cif Ibiram ne, shugaban wata al'umma da ke yawo daga wannan tsibiri zuwa wancan. Suna da garinsu, suna da kifinsu da gonakinsu, sai kamfani ya zo da tayin saye. Dattijon da ke mulki a lokacin, Cif Malabo, ya ƙi, domin ya ga yadda maƙwabtan da suka karɓi kuɗi suka sayi motoci da talabijin, kuɗin ya ƙare, ruwansu kuma ya mutu. Aka kama shi, ya rasu a tsare, gari ya rabu biyu tsakanin masu son a sayar da masu ƙi, daga ƙarshe suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka bar ƙasar kakanninsu. Abin da ya sa wannan wuri ya yi ƙarfi shi ne Habila bai ɓoye kwaɗayin mutanen garin ba. Talauci ya riga kamfani zuwa, kuma wanda ya ga maƙwabcinsa ya yi rufin kwano ba zai rasa jin wani abu a ransa ba.

Na biyu na likita ne, Dakta Dagogo-Mark, wanda aka tura wani ƙauye aiki. Yana nan aka samu mai, aka kunna wutar gas, mutane suka yi murna domin dare ya zama rana, har kasuwar dare ta kafu a ƙarƙashin hasken. Da dabbobi suka fara mutuwa, amfanin gona ya fara ƙonewa a tsaye, sai likitan ya ɗebi ruwan sha ya auna, ya ga guba tana ƙaruwa. Ya kai wa kamfani sakamakon, aka yi masa godiya aka ba shi kuɗi. Ya aika wa gwamnati, aka sa a fayil aka rufe. Ya aika waje, aka buga a mujallun ilimi, mutanen ƙauyen kuwa suka ci gaba da mutuwa har garin ya ƙare. Duk wanda ya taɓa rubuta rahoto a wata ma'aikata ya ga inda rahoton ya kwana zai ji wannan labari a jikinsa. Kuma a nan ne littafin ya faɗi abin da ya fi damunsa, cewa matsalar ba ta rashin sani ba ce, an auna, an rubuta, an kai wa masu iko.

Sauran mutanen littafin an zana su ne yadda mai karatu ba zai samu wurin jingina cikin sauƙi ba. Akwai Manjo, hafsan sojan da yake jera fursunoni yana tuttula musu fetur a ka, yana ganin abin da suke yaƙi dominsa ne ya ba su. Akwai Farfesa, shugaban tsageru, wanda yake magana da sunan jama'a amma yake fasa bututun da zai ƙara lalata ruwan jama'ar, yake ƙona ƙauyen da ya zarga da haɗa kai da soja. Akwai Boma, 'yar'uwar Rufus, wadda wutar fetur ta cinye mata rabin fuska, wutar kuwa ta tashi ne daga man da mahaifinsu yake ɓoyewa yana sayarwa bayan ya rasa aikinsa, abin da ba zai yiwu a karanta ba tare da tuna Jesse ba. Sai tsibirin Irikefe, inda wasu masu bauta sanye da fararen kaya suke zaune da aƙidar cewa ƙasa ta yi rauni kuma tana bukatar jinya. Can Zaq ya ƙare kwanakinsa, bayan zazzaɓin da ya kama shi a cikin ruwayen ya ƙi jin magani.

Da aka zo warware ƙullin, sai ta bayyana cewa satar matar ba daga siyasa ta faro ba. Direban gidansu, Salomon, mai digiri ne da bai samu aikin da ya dace da karatunsa ba, ya samo wa budurwarsa aikin aikatau a gidan, maigidan ya yi mata ciki. Daga wannan baƙin ciki ne aka kitsa garkuwar ƙarya domin a tatsi kuɗi, abin ya kuɓuce, matar ta yi ta sauya hannu har ta faɗa wurin masu bindiga na gaske. Na daɗe ina juya wannan zaɓi. Ta wata fuskar ya yi daidai da yadda abubuwa suke faruwa, domin inda garkuwa ta zama sana'a kowace ƙaramar gaba tana iya samun hanyar zama babban laifi, kuma mu a Arewa mun ga haka da idonmu a shekarun da suka biyo baya. Ta wata fuskar kuma ya janye hankali daga kamfani da gwamnati ya mayar kan rikicin cikin gida na mutum huɗu.

Wannan ya kai mu ga abin da salon ya ci. Labarin bin sawu yana bukatar fuska, mutumin da za a tsorata da shi ko a tausaya masa, ita kuwa gurɓatar muhalli ba ta da fuska kuma ba ta gaggawa. Tsohon bututu da ya yi tsatsa yana ɗiga shekara da shekaru ba ya sa zuciya bugawa kamar bindiga. Saboda haka waɗanda suka fi kowa alhaki, wato masu sa hannu a kwangila a Legas da Abuja da Landan, kusan ba su bayyana a littafin, wanda ya wakilci kamfani shi ne mijin Isabel, James Floode, ma'aikaci guda da ke zaune a gidansa mai sanyi a Fatakwal. Matan littafin ma, in ban da ɗan abin da aka ba Boma, ba su samu faɗin da maza suka samu ba, alhali mata ne suke ɗebo ruwan, su ne suke tsintar abin miya a bakin ƙorama, su ne kuma suke fara ganin alamar cuta a jikin yara. Akwai kuma yadda aka yanyanka lokaci, ana gaba ana dawowa baya, wanda ya dace da ruɗewar mutumin da ya ɓace cikin hazo, amma yakan sa mai karatu ya koma baya domin ya gane ko wace tafiya ake ciki.

Sai maganar baƙunta. Hausawa suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma Neja-Delta ba ta rasa masu ɗaki ba: Saro-Wiwa ya rubuta, Gabriel Okara ya rubuta, Tanure Ojaide ya shafe shekaru yana waƙe a kan kogunan Urhobo, Kaine Agary ta ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2008 da labarin wata yarinya daga yankin. Mai iya tambaya ya tambaya, me ɗan Kaltungo mazaunin Amurka zai ƙara? Amsar da na gamsu da ita tana cikin ginin littafin kansa. Habila bai yi da'awar shi ne bakin Ijaw ko Ogoni ba. Ya tsaya a inda ya sani, wato aikin jarida, ya sa jaruminsa ya zama mai tambaya da saurare, manyan labaran kuma ya bar su a bakin masu su. Zaq yana yawan nuna wa Rufus cewa kawo labari ba shi ne ƙarshen aiki ba, sai an gano abin da labarin yake nufi, Farfesa ma da ya saki Rufus sharaɗinsa shi ne ya je ya rubuta gaskiyar abin da ya gani. Akwai kuma hujjar da ta shafe mu kai tsaye. Albashin malamin makaranta a Gombe da kwaltar da ta bi ta Kaltungo, kaso mai yawa na kuɗinsu daga wannan man ya fito ta hanyar rabon arzikin ƙasa, don haka babu ɗan Nijeriyar da zai ce shi baƙo ne a wannan magana.

Littafin ya samu karɓuwa. An buga shi a Amurka a 2011, ya kai matakin ƙarshe a gasar Commonwealth ta shiyyar Afirka da gasar mujallar Orion, wadda ta keɓanta ga rubutu a kan muhalli, kuma ya zama ɗaya daga cikin littattafan da jami'o'i suke koyarwa idan ana nazarin adabi da mai. Amma babbar shaidar da ta gaskata shi ba daga masu sharhin adabi ta zo ba. A watan Agustan 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta a kan ƙasar Ogoni, ta ce gyara zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, ta ba da shawarar a fara da dala biliyan 1, ta kuma bayyana cewa a Nisisioken Ogale mutane suna shan ruwan rijiya mai ɗauke da sinadarin benzene, wanda yake haddasa cutar daji, ninki 900 a kan ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Rijiyar da Rufus ya leƙa ke nan, an auna ta an sa mata lamba. A Janairun 2015 kuma Shell ya amince ya biya mutanen Bodo fam miliyan 55 a kan malalar mai ta 2008, bayan sun kai ƙara kotu a Landan.

Habila bai sake rubuta wani littafi a kan mai ba, amma bai saki salon ba. A 2013 ya haɗa hannu da kamfanin ɗab'i na Parrésia suka kafa Cordite Books domin buga labaran laifi da bincike na marubutan Afirka, abin da yake nuna ya yarda cewa labarin da jama'a suke karantawa don nishaɗi zai iya ɗaukar magana mai nauyi. Ya zauna a Berlin daga 2013 zuwa 2014, zaman da ya haifar da Travelers a 2019, a kan 'yan Afirka masu neman mafaka a Turai. A 2015 ya samu kyautar Windham-Campbell ta Jami'ar Yale mai darajar dala 150,000. A 2016 ya fitar da The Chibok Girls, wanda ba ƙagagge ba ne, bayan ya je Chibok da Maiduguri da ƙafarsa yana bin sawun 'yan mata 276 da aka sace a Afrilun 2014. Wato shekara shida bayan ya ƙirƙiri ɗan jarida mai ratsa shingayen soja domin neman matar da aka sace, shi da kansa ya yi irin wannan tafiya a yankinsu na Arewa maso Gabas.

Akwai abin da yake tsaya mini a rai duk sanda na koma ga shekarar 2010. A daidai lokacin da Oil on Water yake fitowa, likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa ta MSF suna ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, inda yara suke suma suna mutuwa saboda gubar dalma da ke cikin dutsen zinaren da ake niƙawa a tsakar gida. Yara aƙalla 400 suka rasu, kuma sai a 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Bagega, bayan dogon jiran sakin kuɗi. Duk abin da ke cikin labarin Dakta Dagogo-Mark yana nan: arziki ya ɓullo, an yi murna, an auna jini, an rubuta rahoto, an jira. Daga baya dazuzzukan wannan yanki suka zama mafakar masu garkuwa da mutane. Marubutanmu na Hausa, waɗanda ba su da na biyu wajen riƙe mai karatu, suna da wannan labari a ƙofar gida, suna da na Tafkin Chadi da masuntansa, suna da na kududdufan da haƙar kuza ta bari a Filato, kuma suna da abin da Habila bai samu ba a Neja-Delta, wato harshen mutanen da abin ya shafa.

A Oktoban 2019 kamfanin mai na ƙasa ya sanar da samun mai a Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe, kuma a Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya je da kansa ya ƙaddamar da aikin haƙa. An yi murna a jihohin biyu, murnar kuma tana da dalili, domin jama'a suna bukatar aiki da hanya da asibiti. Wurin yana tsakanin ƙananan hukumomin Alkaleri da Akko, a jihar da Habila ya fara koyarwa da jihar da aka haife shi. Likitan littafinsa bai fara auna ruwa ba sai da dabbobi suka fara faɗuwa, don haka ba shi da ma'aunin da zai nuna yadda ruwan yake kafin zuwan mai. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi da Jami'ar Tarayya ta Kashere da Jami'ar Jihar Gombe duk suna kusa da Kolmani, kuma abin da nake fata shi ne su auna rijiyoyin ƙauyukan da ke kewaye tun yanzu, su ba masu unguwanni kwafin sakamakon su ajiye.